Kallabin Auta a Tsakiyar Tuta

Ranar Alhamis suka tashi. Ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke da sassafe, ya bar gari a jiƙe, sama fes kamar an wanke ta da sabulu. Sai dai iska. Daga yamma take zuwa, yamma ɗin kuma suka nufa.

Su goma sha ɗaya ne a ƙofar ƙaramin asibitin garin, kowa riƙe da kekensa, ga wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da Sista za ta bi su da ita. Sista ita ce babbar nas ta ɗakin masu ciwon sikila. Bara ta yi ritaya, amma ba a sami wanda zai iya tuna mata ba, don haka kullum tana zuwa aiki. Ita ta haɗa tafiyar: kilomita ɗari uku da sittin, daga nan zuwa ƙofar wani kamfanin fulawa a babban birni. Mai kamfanin ya yi alkawari a gaban jama'a cewa in tutar ƙungiyar iyalan masu sikila ta iso ƙofarsa a kan keke, a buɗe tun daga gida, kafin sha biyun ranar Lahadi, zai saya wa ɗakin firjin ajiyar jini. Me ya sa sai a buɗe, me ya sa sai sha biyu, ba wanda ya tambaye shi. Mutumin da zai sayi firji ba a cika yi masa tambayoyi ba.

Tela ne ya ɗinka tutar, shi ne kuma zai ɗauki gefe ɗaya. Faɗinta yadi uku, tsayinta yadi ɗaya da rabi. An ɗaure ta a jikin sanduna biyu na bututun ƙarfe, kowane sanda a tsaye a kariyar keke guda, ke nan dole kekuna biyu su jera kafaɗa da kafaɗa har birni. Ɗaya keken na Mai Faci ne, mijin yayar Tela, wanda ya shekara ashirin yana gyaran kekuna a bakin kasuwa. Shi Tela, keken da ya sani shi ne wanda ake takawa daga safe zuwa yamma ba a je ko'ina ba. Na hawa, sati uku kacal ya yi yana zagaya filin makaranta da shi.

Mai Faci ya zagaya tutar sau biyu, hannuwa a baya, kamar mai tayin saniya.

"Tela, zo nan. Ina ƙofofin?"

"Waɗanne ƙofofi?"

"Na iska mana. Duk tutar da za a fita da ita fili ana tsaga mata 'yan ƙofofi, iska ta wuce ta tafi harkarta. Wannan ai bango ka ɗinka."

"Ba a tsaga wannan."

"To da ka gaya min jirgin ruwa za mu tuƙa, ai da na koyi iyo."

Tela ya ci gaba da gyara ɗaurin tutar. Mai Faci ma ya san dalili, bakinsa ne dai ba ya zama haka nan.

Ƙyallaye sittin da uku ne a tutar, kowanne daga tufafin wani da ya kwanta a ɗakin Sista bai fito da ƙafarsa ba. Iyalai ne suka kawo. Akwai bayan rigar makaranta, da bakin zanin goyo, da hannun rigar ƙwallo, da aljihun wando da har yanzu akwai tabon biro a jikinsa. Sati shida Tela ya yi yana haɗa su a shagonsa, tsakanin ɗinkin mutane. Ya sa zare mai kauri irin na jakunkuna, ya bi kowane haɗi sau biyu, ya danne ƙarshe. Ya ce abin da aka ba shi amana ba zai farke a hannunsa ba.

Na sittin da ukun shi ne kallabin Auta, ƙanwarsa, wadda ta rasu shekara biyu da suka wuce tana da shekara goma sha tara. Shuɗi ne mai ɗigon fari. Da shi take rufe kunnuwa duk lokacin da gari ya yi sanyi, don sanyi ne ke tayar mata da ciwon. Inna ta ajiye shi a cikin gwangwanin biskit a saman kabad. Kowa kyauta ya ba da nasa ƙyallen, ban da Inna.

"Aro ne," in ji ta, ranar da ta sauke gwangwanin. "Ka ji ni ko? Kayanta duk na rabar, wannan kaɗai na rage. Yadda na ba ka, haka za ka dawo min da shi. Ban yarda da almakashi ba, ban yarda da haƙorin kekenka ba."

"Inna, ai sai an ɗinka zai zauna."

"Kai ne tela."

Kwana biyu yana tunani, sannan ya sami dabara. Ya bar gurbi a tsakiyar tutar daidai girman kallabin. Ya ɗauki allurar da ta fi kowacce siranta a shagon, da zare mai laushi, ya haɗa shi da hannu, sama-sama, ɗinki mai faɗi, yadda in an dawo zai ja zaren sau ɗaya kallabin ya fito ko tabon allura babu. Bai sa masa shafi a baya ba, don gaba da baya ake kallon tuta, yana so a ga na Auta ta ko'ina. Dabarar ta yi masa daɗi ƙwarai. Bai gaya wa kowa ba.

Ƙarfe bakwai Sista ta busa usur.

Cikin gari abin ya yi kyau. Gidaje sun tare iska, mutane sun fito bakin titi, wata mata ta gane hannun rigar ɗanta ta bi su da gudu har gidan mai tana kiran sunansa. Daga gidan man nan gari ya ƙare, gonaki suka fara.

Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar teburin da Tela yake yanka yadi a kai. Alkama hagu, alkama dama, ta kusa nuna, sai turakun wayar lantarki a jere har inda ido ya gaji. Babu itace, babu katanga, babu abin da zai ce wa iska dakata. Ta taho tun daga inda ta taho ba ta gamu da kowa ba, sai ga tuta yadi uku.

Tutar ta kumbura ta baya, tim. Tela ya ji kamar wani ƙato ya riƙe masa kariya. Ya waiga. Ba kowa.

"Daina waige," in ji Mai Faci. "Ɗinkinka ne."

Sauran tara suka jeru a gabansu don su karya iskar, amma tutar ta fi kawunansu tsawo, iskar ta bi ta samansu ta same ta. Tela ya miƙe tsaye a kan feda. Ya zauna. Ya sake miƙewa. Cinyoyinsa suka fara rawa tun kafin ƙarfe goma. A wani ɗan tudu, wata tsohuwa da akuya a igiya ta wuce su a ƙafa, ta yi musu sannu. Ta tsaya akuyar ta ci ciyawa, suka wuce ta. Can sai ga ta ta sake wuce su, ta sake yi musu sannu.

Kowace awa Sista tana tsayar da mota ta ɗauki hoton tutar a buɗe, ta aika wa mai kamfani. A hotunan duk tutar ta yi kyau. Mutanen da ke ƙarƙashinta ne ba su yi ba.

Da rana Dogo, wani direban bas da bayan rigar makarantar ɗansa ke kusurwar tutar, ya ce a ba shi gefe ɗaya ya ɗan karɓe su. Tela ya ce shi ba zai ba da nasa ba. Aka juya ga Mai Faci.

"Ni yayarsa ta ce in na bar gefensa kada in dawo mata gida," in ji Mai Faci, yana goge gumi da hula. "A kan tudun can na yi tunanin maganar sosai. Wallahi tayin ba laifi."

Amma bai sauka ba.

Ranar farko sun yi niyyar kilomita ɗari da goma, suka yi saba'in da huɗu. Ranar Juma'a iskar ta ƙara. A wata kwana ta bugo su ta gefe, ta kwashe kekuna biyun da tutar gaba ɗaya ta zuba su a lambatun ban ruwa. Tela ya taso da laka har kunne, ya rarrafa ya ɗaga tsakiyar tutar. Kallabin yana nan, ko jiƙewa bai yi ba.

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

"Amin," in ji Mai Faci daga cikin lambatu, yana tofar da rabin haƙori a tafin hannu. "Ni ma lafiya lau, tunda ka tambaya."

Da yammacin ranar suka sauka a wata makarantar firamare da hedimasta ya ba su aji ɗaya. An ture bencina gefe, an jingina kekuna a bango ƙarƙashin zanen zuciyar ɗan Adam da jadawalin sau. Kowa ya zauna da burodi da kofin shayi. Sista ta ɗauki alli ta je gaban allo. Ta rubuta abin da suka yi a kwana biyu, ɗari da arba'in da biyar. Ta rubuta abin da ya rage, ɗari biyu da goma sha biyar. Ta ja layi a ƙasa.

"A wannan tafiyar da muke yi," in ji ta, "Litinin da la'asar za mu isa. Firjin kuwa Lahadi yake tashi."

Ta ajiye allin, ba ta kalli kowa ba. Ita ma akwai bakin mayafin 'yar ƙanwarta a tutar.

Mai Faci ya buɗe jakar kayan aikinsa, ya ture famfo da gwangwanin sholisho, ya fito da reza sabuwa a takardarta. Ya ajiye ta a kan bencin da ke gaban Tela, a hankali, kamar wanda ya kawo kayan gaisuwa.

Tela ya dubi rezar. Ya ɗauke ta ya sa a aljihun rigarsa, ya maɓalle aljihun.

"Ba don ka ɓoye na ba ka ba."

"Na sani."

"To aro ce. Ta faci ce, ina da aiki da ita."

Asabar suka fita tun gari bai gama wayewa ba, da fatan iskar ba ta tashi ba. Ta riga su. Wajen ƙarfe goma suka hau wata doguwar hanya da aka ɗaga sama da gonaki, alkama tana kwantawa tana tashi a ɓangarorin biyu kamar ana girgiza bargo. Wata babbar mota mai ɗauke da buhunan taki ta taho daga gaba. Ta wuce su da gudu, iskarta ta haɗu da wadda take nan dama, tutar ta yi ƙara ɗaya, fat.

Sai Tela ya ji ƙaton da ke riƙe da kariyarsa kwana biyu ya sassauta hannu. Feda ta yi sauƙi. Keken ya zabura gaba. A karo na farko tun ranar Alhamis ya ji abin da mutane suke ji har suke son keke, har ya buɗe baki zai gaya wa Mai Faci.

Mai Faci sama yake kallo.

Kallabin ya riga ya wuce tsayin turakun lantarki. Ya buɗe sosai, kusurwa huɗu, zaren nan mai laushi yana binsa a baya. Ya juya sau biyu, ya bi kan alkama ya nufi gabas, yana ƙanƙancewa. Ya zama kamar tsuntsu, ya zama kamar ƙuda. Can ya yi ƙasa, ko kuma idon Tela ne ya kasa.

Tela bai ja birki ba, sauka kawai ya yi. Keken ya faɗi, ya ja na Mai Faci.

Sista ta tsayar da mota ta fito. Ta dubi ramin da ke tsakiyar tutar, murabba'i tsaf, gefensa a kalmashe, babu zare ko ɗaya da ya tsinke a sauran wuraren. Ta dubi Tela.

"Na Auta ne?"

"Aro ne, Sista."

Ta dubi agogonta. "Hutun rana minti arba'in ne. Na ba ka shi yanzu. In ya cika tuta za ta tafi, da kai ko ba kai."

Ya gangara cikin gonar. Alkamar ta kai masa ƙugu, gashinta yana soke shi ta cikin wando. Daga kan hanya ya ga kamar ya riƙe wurin da kallabin ya sauka, amma da ya shiga sai ko'ina ya zama wuri ɗaya. Ya yi gaba yana buɗa alkama da hannu biyu. Ya ga leda baƙa. Ya ga tsohon takalmin roba. Ya ga wani abu shuɗi ya ruga, ashe murfin jarka ne. A bayansa yana jin Mai Faci yana tafe yana haki yana zagin alkama.

A bakin wata 'yar hanyar gona suka tarar da wani dattijo zaune a kan tarakta, injin a kashe, yana cin ayaba. Da alama ya daɗe yana kallonsu.

"Sannu, Baba. Don Allah ba ka ga wani ƙyalle shuɗi ya wuce ba?"

"Na gani. Ya wuce."

"Ina ya sauka?"

"Ban ga ya sauka ba." Ya ɓare sauran ayabar. "Bara iskar nan ta ɗauke min kwanon rufin rumbu. A gonar surukina aka same shi, kilomita shida daga nan. Har yau bai dawo min da shi ba."

"Gonar nan ina ta tsaya?"

"Tawa? A turke na goma sha biyu. Daga nan ta maƙwabcina ce. Daga tasa kuma ta wani ce, ba ma gaisawa." Ya dubi Tela da kyau, ya ga fuskarsa, ya sassauta murya. "Na wani ne?"

"Na ƙanwata, marigayiya."

"Allah ya ji ƙanta. In za ka jira, saura sati uku girbi. Injin girbi ba ya barin komai a gona, zai samo maka shi. Sai dai ba a guda ɗaya ba."

Tela ya tsaya yana kallon gabas. Babu komai a can sai alkama da sama.

Mai Faci ya dafa gwiwoyi yana mai da numfashi. Da ya miƙe, babu wasa a muryarsa.

"Ƙanena, minti ashirin da uku sun tafi. In ka ce mu zauna nan mu nema har dare, ni ina nan, Dogo ya ɗauki tutar da wani. Amma bari in gaya maka abin da ƙafata ta ji. Da ƙofar nan guda ɗaya an sami sauƙi, amma ba za a kai ba. Da goma za a kai. In suka rasa yadda za su yi, wuƙa za su sa, su kuwa ba su san ina ne zare ina ne yadi ba. Ni ma ban sani ba."

Tela ya juya ya dubi hanya. Daga nan nesa yana hango tutar a jingine da motar Sista, ana ganin sama ta cikin ramin. Mutum takwas suna tsaye a gefenta suna cin burodi. Ba wanda yake ɗago masa hannu, ba wanda yake kiransa. Dogo ya juya wa gonar baya gaba ɗaya, yana goge lakar jiya daga kusurwar tutar da bakin rigarsa.

Tela ya sake kallon gabas sau ɗaya. Sannan ya ɓalle maɓallin aljihunsa, ya kama hanyar komawa.

"Ku shimfiɗa min ita a bayan mota," in ji shi da ya hau titi. "Mutum huɗu su danne kusurwa." Ya fito da rezar daga takardarta. Ya ga yadda suke kallon hannunsa. "Ba zan taɓa yadin kowa ba. Zare zan yanka. Zaren nawa ne."

Ya durƙusa. Ya san kowane haɗi, ya san inda ya fara da inda ya danne. Tsakanin zanin goyo da hannun rigar ƙwallo ya sa bakin reza ya tsinke ɗinki biyun, tsawon tafin hannu, ya ƙulle bakin zaren nan da nan don kada ya zarce. Ya matsa gaba. Tsakanin aljihun wando da bakin mayafi. Tsakanin rigar ɗan Dogo da wata rigar barci mai hoton agwagwa. Aikin da ya yi sati shida yana dannewa, ya yi ta buɗe shi da hannunsa, iska tana fizgar yadin daga ƙarƙashin gwiwarsa. Ƙofa goma sha huɗu ya buɗe. Bai yanki ko silin yadi ɗaya ba.

"Lokaci," in ji Sista.

Suka ɗaga tutar. Iskar ta zo yadda ta saba, ta sami hanya, ta wuce tana fito ta ƙananan ƙofofin, ta babbar kuwa shiru take wucewa.

Ranar nan suka yi tafiyar da ba su taɓa yi ba. Sai da rana ta faɗi suka sauka. Tun daga gonar Mai Faci, abin mamaki, ya ƙyale Tela. Sau ɗaya kawai, wajen la'asar, ya ce, "Da me ka ɗinka shi?"

"Da hannu. Sama-sama."

"Don me?"

"Don kada in ɓata shi."

Mai Faci ya taka feda kamar sau ashirin. "To ai bai ɓaci ba," in ji shi.

Lahadi, sha biyu saura minti ashirin, suka tsaya a ƙofar kamfanin fulawa. Akwai rumfa da kujeru da mai ɗaukar hoto. Mai kamfanin gajere ne mai fara'a, da agogo a kowane hannu. Ya duba na dama, ya duba na hagu, ya tafa. Ya zo ya tsaya gaban tutar, ya karanta sunan ƙungiyar a ƙasa, sannan ya leƙa ta ramin tsakiya ya ga Sista a ɗaya gefen.

"Wannan tagar fa? A hotunan farko ban gan ta ba."

"Ranka ya daɗe, ta iska ce," in ji Mai Faci.

"Dabara!" in ji mai kamfani. "Wa ya yi tunaninta?"

Aka yi hoto. Aka nuna musu firjin a cikin kwalinsa, fari, ya fi Dogo tsawo. Sista ta zagaya bayansa ta karanta takardar da ke manne, ta buɗe ƙofar ta rufe, ta sake buɗewa ta rufe, sannan ta je ta zauna a mota ita kaɗai na ɗan lokaci.

A bayan motar kamfanin aka mai da su gida, su da kekuna da firji. Hanyar da ta ci musu kwana uku da rabi, awa biyar motar ta yi. Da suka zo doguwar hanyar nan Tela ya miƙe ya riƙe ƙarfe yana duban gonar. Taraktar ba ta nan.

Litinin da hantsi ya je gidan Inna. Mai Faci ya rako shi har ƙofa, a nan ya tuna wai ya bar wani da taya a kwance.

Inna tana zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa a faranti. Gwangwanin biskit yana gefenta, a buɗe. Tela ya cire takalmi da ƙyar, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta tambaye shi gajiya.

"Mun kai, Inna. An ba da firjin."

"Na gani a wayar yayarka." Ta fitar da tsakuwa ɗaya ta ajiye a gefe. "Na ga rami a tsakiya."

"Iska ce ta ɗauke shi. Laifina ne. Sama-sama na haɗa shi, don kada allura ta yi masa tabo."

"Na sauran mutane fa?"

"Su da keke na danne su, biyu-biyu."

"Suna nan ke nan."

"Suna nan."

"Ni na ce kada ka danne."

"Ni ne tela, Inna."

Ta ci gaba da tsinta. A waje wani yana tallar ruwa. Tela yana kallon cikin gwangwanin, takardar da aka shimfiɗa a ƙasansa har ta ɗauki shatin ninkin kallabin.

"Ka nema?"

"Minti ashirin da uku." Zai iya tsayawa a nan, amma bai tsaya ba. "Arba'in aka ba ni."

"Sauran fa?"

"Na yi aiki da su."

Inna ta ajiye farantin. Ta ɗauki murfin gwangwanin ta juya shi a hannu, ta rufe, ta danna gefe-gefe har ya zauna.

"Ina ya nufa?"

"Gabas. Ya tashi sama, ya wuce wayar lantarki, ya bi kan gonaki."

"Da nisa?"

"Har na daina ganinsa."

"Hm," in ji Inna. Ta daɗe tana kallon tagar ɗakin. "Shekara goma sha tara ina rufe wa yarinyar nan taga. Iska ta ɗan kaɗa, in ce shigo, ɗaura kallabi, sa rigar sanyi. In hadari ya haɗu ko bakin titi ba na bari ta kai."

Ta turo masa gwangwanin a kan tabarma.

"Ɗauki, ka zuba maɓallai. Kuma kada ka sake zuwa min aron komai."

"To, Inna."

"Miƙe ƙafar nan in gani. Haka ake tafiya kamar an ɗaure ka?"

A taron ƙungiya na ƙarshen wata, bayan an kunna firjin kowa ya sa hannu ya ji sanyinsa, Sista ta karanto abin da aka rasa a tafiyar, don a sani in za a sake. Tiyub na taya tara. Sarƙar keke ɗaya. Huluna huɗu. Tabarau na Dogo. Rabin haƙorin Mai Faci, da rezarsa ɗaya. Farcen babban yatsan ƙafar Tela, na dama da na hagu. Kallabi ɗaya, shuɗi mai ɗigon fari.